Kwalin Firinta Daga Illela Zuwa Lome

Kwana biyu da barina Illela na iso bakin kogi a Gaya ta kan iyakar Benin, da kwali a kaina, wuyana kamar zai tsinke. A lokacin gada a rufe take, duk mai son shiga ƙasar Benin sai ya hau kwale-kwale. Gaɓar ta cika maƙil da buhunan albasa da jarkoki da mata masu goyo, kowa yana ihu da yarensa. Babu wanda ya tambayi sunana. Abin da ke cikin kwalin kawai ake tambaya.

"Firinta ce," na ce wa mai kwale-kwalen, wani dogon mutum mai jajayen idanu.

"Injin buga kuɗi?"

"Injin buga takarda."

"Duk ɗaya ne. Wurin mutum biyu za ka biya."

Sunana Attahiru. Ina da shagon buga takardu a Illela, bayan layin 'yan canji. Rasit na 'yan kasuwa nake bugawa, da katin ɗaurin aure, da darussan islamiyyar kawuna Malam Sahabi, waɗanda yake rubutawa da ajami. Kwamfutocinmu tsofaffi ne, na gwanjo. Shekarun baya wani malami daga Birnin Konni, Malam Isufu, ya sa mana wata babbar manhaja da ba kowa ya san ta ba, ta kyauta, wadda 'yan sa-kai ke rubutawa. Tana tafiyar da tsohuwar kwamfuta ba gardama, kuma tana fitar da ajami da wasullansa kowanne a mazauninsa. Shagunan Illela da na Konni duk suka bi sahu. Daga baya Malam Isufu ya rasu, tsofaffin firintocinmu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kayan gyaransu suka ƙare a kasuwa. Sababbin da ake kawowa kuma ba sa jin maganar manhajarmu. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja da ke yi musu tafinta, tsakanin kwamfuta da firinta, masu sana'a suna ce mata direba, kamar na mota. Tamu ta tsufa, ba ta san sababbin firintoci ba.

Na rubuta wa adireshin da na gani a shafin manhajar. Wani mai suna Didiye ya amsa daga Lome, ya ce aikin zai yiwu, amma sai an kawo tallafi, kuma sai an kawo firintar kanta an gwada. Masu shaguna suka yi karo-karo. Alhaji Ɗan'ige, shugaban ƙungiyarmu, shi ya fi kowa zubawa, shi kuma ya sayi sabuwar firintar. Ni aka zaɓa domin ina jin Faransancin kasuwa, kuma na fi su sanin cikin kwamfuta. Ga dalilin kwalin.

Da muka kai tsakiyar kogi, mai kwale-kwalen ya kashe injinsa. Ya ce mai ya yi tsada, kowa ya ƙara wani abu, ni kuma in ƙara biyu. Ruwa yana dukan gefen jirgin yana fantsamowa kan kwalin. Na rungume shi, ina laluben aljihu da hannu ɗaya. Wata mata mai busasshen kifi da ke gefena ta zare ledar da ta rufe kwandonta, ta lulluɓe min kwalin. Ko kallona ba ta yi ba. Da muka sauka ta fizge ledarta ta tafi.

A Malanbil, tsallaken kogin, wani mai kaki ya yanka kwalin da wuƙa daga sama har ƙasa. Ya zazzage komai a kan yashi, ya ɗaga firintar yana girgizawa kusa da kunnensa. Na roƙe shi ya yi a hankali. Ya ce in ina da abin koyar da shi, in zo in karɓi kakinsa. Da bai sami komai ba, sai ya naɗe wayar wutar ya sa a aljihu, ya ce ta yi kama da ta rediyonsa. Na ɗaure kwalin da igiyar da na tsinta a wurin.

Daga nan zuwa Paraku a kan cinyata firintar ta yi tafiya. Kwandastan bas ya so ya ɗora ta a sama, ƙarƙashin awaki, na ƙi. Mutumin da ke kusa da ni ya yi ta zungura ta da gwiwar hannu, yana faɗa wa sauran fasinjoji cewa 'yan Nijeriya ba su san zaman mota ba. Aka yi ta dariya. Ƙafafuna suka mutu, ban iya jin su ba sai da muka tsaya. A tasha na sayi wani tuwo mai tsami da miyar da ban san sunanta ba. Na ci loma biyu, sai furar gidanmu ta faɗo min a rai, wadda matata ke damawa da nono mai kauri bayan azahar. Na ture kwanon. Mai abincin ta ɗauka raini ne, ta bi ni da zagi har bakin mota.

Kwatano ban ga komai nata ba sai hayaƙin babura. Na isa Lome ranar Laraba da hantsi, na tambayi hanyar Zango, unguwar Hausawa. A can na sami Inna Hadiza, mai tuwo, asalinta 'yar Tawa, ta shekara talatin a garin. Da ta ji bakina sai ta ajiye ludayi.

"Kai ɗan ina ne?"

"Illela, Inna."

"To zauna ka ci, kana ka yi magana."

Ta sama min tabarma a zauren maƙwabcinta, ta ce ko sisi kada in ba kowa.

Ofishin Didiye yana hawa na biyu, da sanyin na'ura da babban allo mai hoton yara suna murmushi gaban kwamfuta. Matashi ne mai tsabta, agogonsa yana sheƙi. Ya rungume ni, yana ta kirana ɗan'uwansa. Ya ce kafin a fara sai na biya kuɗin rajistar aiki, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na zo da shi. Na nemi rasit, ya ce sakatariya ba ta nan. Ya karɓi firintar ya ce in dawo jibi.

Na dawo jibi, ya ce injiniya ya yi tafiya. Na sake dawowa, ya ce ana jiran saƙo daga Turai. Wata rana mai gadi ya hana ni hawa, ya ce babbar rigata za ta tsorata baƙi. Haka na yi kwana tara ina hawa ina sauka. A rana ta bakwai Alhaji Ɗan'ige ya kira ni.

"Attahiru, mi kaka yi can har yanzu?"

"Alhaji, ana kan aiki."

"Wane aiki? Mutane na ta magana. An ce an gane ka bakin teku kana shan iska da kuɗɗinmu."

"Wa yac ce haka, Alhaji?"

"Ba ruwanka. Shagon Bello an ruhe shi jiya, ba abin bugawa. Kawunka da hannu shika kwahe darasi yanzu, da tsuhwansa. In ba ka iyawa, ka maido muna kayanmu."

Ya kashe. Tekun ma ko ganinsa ban yi ba.

A rana ta tara na shiga ofishin ba sallama. Na tarar da firintarmu a kan tebur tana aiki, tana fitar da takardun talla masu launi. An haɗa ta da kwamfutar Didiye ta hannu, mai irin manhajar da kowa ke amfani da ita. Na ce masa ya nuna min inda aka tsaya a gyaran direba. Ya buɗe wani shafi ya rufe, ya buɗe wani. Na tambaye shi yadda manhajar ke jera wasulla a ajami. Ya ce mene ne ajami.

Na koma Zango. Inna Hadiza ta saurare ni har na gama, sannan ta bar wa 'yarta tukunya, ta yafa mayafi.

"Mu je."

Mai gadi bai ko yi yunƙurin tare ta ba. Ta shiga, ta zauna a kan kujerar Didiye, ta cire takalma, ta miƙe ƙafa. Ta ce masa da yarensu, wanda ta iya kamar Hausa, nan za ta yini, kuma gobe za ta zo da matan kasuwa su taya ta. Akwai baƙi biyu a ofishin masu riƙe da jakunkuna, suna ta kallo. Didiye ya zare wayoyin da kansa, ya turo min firintar.

"Ɗauki tsiyarka! Ka je wurin tsohuwar nan ta zage ka, tunda zagi kake nema. Ita ta rubuta abin, ni shafin kawai nake riƙewa."

Ya faɗi sunanta da unguwarta. Kuɗin rajista kuwa ya ce sun shiga aiki. Ban sake ganinsu ba.

Madam Afi tana zaune a wani ƙaramin gida kusa da tafki. Tsohuwar ma'aikaciyar gyaran na'urori ce da ta yi ritaya, gajeriya, da gilashi mai kauri kamar gindin kwalba. Akwai kare ɗaure a tsakar gidan. Ta bar ni a bakin ƙofa cikin rana, da kwali a kai, ina bayani ta tsakanin ƙarafa.

"Shekara nawa kuna amfani da shi?" ta tambaya.

"Sun fi goma, Madam."

"A cikinsu ka taɓa rubuto min ko gaisuwa?"

"Ban san da ke ba."

"Sunana yana layin farko na abin. Ba ka taɓa buɗewa ka duba ba. Babu mai dubawa sai ya lalace."

Ta juya ta shige ciki. Na ɗauka shi ke nan. Na tsaya dai, domin ban san inda zan nufa ba. Sai da inuwar katanga ta matsa sosai sannan ta dawo ta zare sakata.

A ɗakin aikinta ta gaya min yadda abin yake. Wata gidauniya daga waje ta biya ta shekara biyu ta rubuta direban. Daga nan suka ce hankalinsu ya koma kan wayoyin hannu, suka daina. Tun lokacin ita kaɗai take lallaɓa shi, da wutarta, da takardarta. Saƙonnin da ke zuwa mata duk ƙorafi ne. Didiye ɗalibinta ne a da, ya karɓi shafin da sunan taimako, yanzu ko wayarta ba ya ɗauka.

Na fito da abin da ya rage na karo-karon na miƙa mata da hannu biyu. Ta jefa a gwangwanin madara ta rufe.

"Kada ka jira godiya. Haƙƙina ne, kuma bai kai ba." Ta cire gilashin ta nuna min idanunta, sun yi fari-fari. "Ba na ganin ƙananan haruffa yanzu. Ni zan faɗa, kai za ka rubuta. In hannunka ya fi kanka sauri, ga ƙofa."

Kullum da safe nakan hau babur daga Zango. Aikin ba shi da daɗi ko kaɗan. Mu aika wa firintar umarni, mu ga abin da za ta yi, mu gyara, mu sake. Ranar farko ba ta ko motsa ba. Rana ta biyu ta riƙa jan takarda tana fitarwa fara fes. Rana ta huɗu ta cika shafi da baƙaƙen murabba'ai har tawada ta jiƙa takardar. Madam tana da wata rula ta katako, in na manta waƙafi sai ta buga ta a kan tebur dab da yatsuna.

"Karanta min abin da ka rubuta!"

In karanta.

"Haka na ce? Albasa ce a kanka?"

Ina da 'ya'ya huɗu a gida, ba a taɓa yi min irin wannan magana ba tun ina makaranta. Sau biyu na tashi zan tafi. In na tuna muryar Alhaji sai in koma in zauna.

Ba ta taɓa ba ni abinci ba. Amma a rana ta uku, da ta ji ina ta duba agogo da azahar, ta tashi ta ja karen zuwa bayan gida, ta share wani lungu, ta ajiye bokitin ruwa. Kullum haka ta riƙa yi, kuma ba mu taɓa maganarsa ba.

Wata rana tana neman sukundireba a aljihun tebur sai ta ciro wata tsohuwar takarda da ta yi ja. Ajami ne, da rubutun hannu. Na gane hannun tun kafin ta miƙo.

"Wani malami daga Konni ya aiko min, don in ga yadda rubutunku yake. Ni ban iya karanta shi ba, siffarsa kawai na bi. Yana nan?"

"Malam Isufu. Ya rasu, Madam."

Ta shafa bakin takardar da babban yatsa.

"Shi kaɗai ya taɓa aiko min da wani abu. Busasshen nama mai yaji, ya hana ni barci kwana biyu." Ta mayar da takardar. "Me kake kallo? Rubuta."

A rana ta goma sha ɗaya firintar ta fitar da shafin farko na darasin Kawu. Madam ta kai shi dab da hancinta, ta ce aiki ya ƙare. Ni kuwa da na duba sai na ga matsala. Haruffan sun fito, amma kowane wasali ya zame ya koma kan harafin da ke gabansa.

"Madam, bai yi ba."

"Me ka ce?"

"Wasullan sun gusa. In yaro ya karanta wannan, wata kalma daban zai faɗa."

"Ɗigo-ɗigon nan? Wa zai lura?"

"Duk wanda aka buga dominsa."

Ta ce ni butulu ne, na zo da kuɗin da bai kai na gyaran keke ba ina neman a gina min gida. Ta ce in fita. Na ce ba zan fita ba. Ban san inda na sami bakin ba, amma na ce mata na tsallaka kogi da wannan kwali, an zage ni a ƙasa uku, ba zan koma da abin da zai sa a karanta darasi ba daidai ba. Ta ɗaga rular. Sai ta ajiye ta a hankali.

"To nemo inda laifin yake. Ni ba zan iya ganinsa ba."

Kwana uku na yi ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya, ita tana zaune tana gaya min abin da kowane sashe ke yi. Laifin yana wurin da ake auna tazarar haruffa, an lissafa ta kamar rubutu daga hagu yake tafiya. Ni na gano shi, ni na gyara. Shafin ya fito, kowane wasali a kan harafinsa. Na karanta mata shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe, ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ba ta katse ni ba.

"Koma layin farko," ta ce. "Sa sunanka ƙarƙashin nawa, da adireshinka."

"Madam, ni ban kai nan ba."

"Ban tambaye ka ba."

Na sa. Muka ɗora sabon direban a inda kowa zai iya saukewa, na kuma kwafe shi a filash. Da zan tafi na durƙusa zan yi mata godiya, ta ce in tashi in rufe mata ƙofa da kyau saboda kare.

Inna Hadiza ta ƙulla min ƙuli-ƙuli da garin rogo. Na ba ta wani abu, ta mayar min cikin aljihu da kanta, ta ce in gaida mata arewa.

A hanyar dawowa, a wani shingen masu kaki tsakanin Paraku da Kandi, aka sauke ni. Suka ce ina takardar fitar da na'ura daga ƙasa. Na nuna rasit ɗin saye, suka ce wannan na shigowa ne. Kuɗin da suka nema ba ni da shi, ko rabinsa. Direban bas yana ta danna oda, fasinjoji suna zagina ta taga. Na roƙi babbansu har na kama ƙafarsa. Ya ture ni da takalmi, ya ce in zaɓa, ko in bar kwalin ko in zauna tare da shi a ɗakinsu. Na hau mota. Ta gilashin baya na ga ɗayansu ya zauna a kan kwalin yana cin gyaɗa.

Na shiga Illela ranar kasuwa, hannuna ba komai. Kafin la'asar masu shaguna sun cika shagona, har da mutanen Konni. Na ajiye filash ɗin a kan tebur. Alhaji Ɗan'ige ya ɗauka da yatsa biyu ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Wanga shi ne kuɗɗinmu? Ina hirinta?"

Na faɗa musu duk yadda aka yi, har da na Didiye. Wani daga baya ya ce ai dama an faɗa. Bello, wanda aka rufe shagonsa, ya ce a kai ni wurin hakimi. Kawu Malam Sahabi yana zaune a gefe da sandarsa, da hayaniyar ta lafa sai ya yi tambaya.

"Akwai mai irin na'urar nan kusa?"

Wani ɗan Konni ya ce yana da ita, ya saya tun bara tana ajiye. Aka tura babur. Muka zauna jira, ba mai kallona. Da aka kawo ta na haɗa. Na sa direban, na buɗe darasin Kawu, na danna. Firintar ta yi ƙara, ta yi shiru, har wani ya fara tsaki. Sannan ta ja takarda.

Kawu ya karɓa, ya matsa bakin ƙofa wurin haske. Ya bi layukan da yatsa, leɓunansa suna motsi, har ƙasan shafin. Ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba.

"Daidai ne. Buga min arba'in, gobe da sahe nika son su."

Alhaji ya karɓi shafi na biyu, ya juya shi gaba da baya.

"Tawadar ba ta kama sosai ba," ya ce. "Kuma maganar hirintata tana nan."

Sauran suka fara turereniya, kowa yana son a fara zuwa shagonsa. Bello ne a gaba.

Da suka watse na rubuta wa Madam Afi cewa ya yi aiki a Illela, a gaban kowa. Sai bayan kwana huɗu amsa ta zo, da manyan haruffa, da alama wani ta sa ya rubuta mata.

"Na ji. Wani daga Agadas ya rubuto, tasa ba ta jan takarda, kuma ransa a ɓace yake. Na ba shi lambarka. Kada ka sake rubuto min."